Wandon Robar Delfim

Da hantsi ne, iska ta kwanta amma teku bai huce ba. Guguwar jiya ta tumɓuko ciyawar teku, ruwan ya yi baƙi da ita, duk ƙauyenmu an gangaro da koma, ragar nan mai sanda, don kwasar ta. Gonarmu ta albasa a cikin yashi take, kuma masu saye ba sa karɓar abin da ya ga takin zamani. Ciyawar nan da kayan cikin kifi su ne takinmu.

Mu da rigar ulu muke shiga ruwa, ƙafa tsirara. Yayana Delfim kuwa ya zo da sabon wandon roba mai haɗe da takalmi, har ƙirji, an rataye shi da igiya a kafaɗa.

"Kai ɗan nan, tuɓe abin nan," in ji Gwaggo Gracinda maƙwabciyarmu. "Tulu ka sa, ba wando ba."

"Gwaggo, ke dai ki ci gaba da shan sanyi," ya ce yana dariya. "Telmo, biyo ni, sarkin sanyin jiki!"

Na bi shi. Sai da ruwa ya kai mana ƙugu muka kafa koma. Igiyar ruwa ta zo, komata ta cika har sandar na lanƙwasa. Na waiga in nuna masa, ban gan shi ba.

Can sai ga kansa ya ɓullo. Igiyar ruwan ta kayar da shi, ruwa ya cika wandon, ya kasa ɗaga ƙafa. Wata kuma na tasowa a bayansa.

"Kwance igiyar kafaɗa, Yaya!"

"Ta ƙi!"

Na saki komata, teku ya tafi da ita. Na cafki wuyan rigarsa daidai lokacin da ruwa ya rufe mu. Yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata, nauyinsa kamar na saniya. Na laluba wuƙar ƙuguna, na yanke igiyoyin, na tsarge robar. Ya yi ta shure-shure har ya zare ƙafafunsa.

A bakin gaɓa ya durƙusa yana aman ruwan gishiri. Mutane suka kewaye mu.

Da ya samu numfashi sai ya harare ni. "Dole sai ka yaga shi?"

Daga shi sai jiƙaƙƙiyar riga da ɗan kamfai, leɓɓansa sun yi shuɗi, ga 'yan mata na kallo. Na je keken shanunmu na ɗauko busasshiyar rigata, na yafa masa. Ya ja ta ya rufe gwiwoyinsa, idonsa na kan teku.