Addu'ar Inna Fatuma Ranar da Kogi Ya Cika

Abdoulkarim malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a unguwar Harobanda da ke bakin kogi, mutumin kirki wallahi, sai dai in ya kama abu kamar kaska yake. Kafin ya samu koyarwar, shekara uku ya yi yana neman aiki, sai wani aboki ya sa shi cikin wani rukunin WhatsApp inda ake koyar da cewa abin da ka ƙudurta a zuci, kana ta maimaitawa, shi zai zo maka. Ya haɗa da wuridinsa na asuba, bayan wata biyu sai ga takardar aiki. To, wa ya isa ya ƙara gaya masa wata magana? Tun daga ranar ya hana ambaton mugun abu a gidansa. Ko ciwon kai ne, sai dai a ce sauƙi na tafe.

Da damina ta yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa. Maƙwabta na ta ɗura yashi cikin buhuna, wasu sun kwashe kaya sun haye gada. Ƙanwarsa Zeinabu ta kira shi daga unguwar Wadata, can ƙetaren gada, saboda mahaifiyarsu da ke gidansa, Inna Fatuma, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ba ta iya tafiya.

"Yaya, don Allah ka kawo mini Inna kafin ruwa ya shigo."

"Ke, iya bakinki! Wanda ya ɗaure kaya shi ya kira ambaliya. Ni a bushe nake ganin gidan nan."

Kada ku ce taurin kai ne kawai. Tsoro ne ya cika bawan Allah. Gani yake in ya bar shakka ta gifta masa ko sau ɗaya, shi ne zai jawo wa uwarsa ruwan. Sai ya ƙara wuridi, ya rage abinci, har ya rame.

Rana ta uku bayan azahar, ruwa ya kai idon sawu a lungunsu. Ya shiga ɗakin Inna don ya kwantar mata da hankali, ya tarar tana jan carbi da hannunta mai lafiya. Yana gyara mata matashi sai ya ji ƙulli a ƙarƙashi: magungunanta ne da katin asibiti, ɗaure cikin ɗankwali. Da hannu ɗaya da haƙori ta ɗaure su, ta ɓoye don kada ransa ya ɓaci.

"Haba Inna! Ke ma?"

"Ɗan nan, ni ma addu'ar nake yi," in ji ta a hankali. "Kwana uku ina roƙon Allah Ya aiko mini wanda zai fitar da ni daga ɗakin nan. Na dai so a ce kai ne."

Kunya da tausayi suka rufe shi, hawaye suka zubo. Ya naɗe ƙafar wando, ya durƙusa gaban gadon ya juya mata baya.

"Hau, Inna."