Baƙin Karen Jirgin Treloar

"Ɗauki gangar da ka ga dama, Digory, zan kau da kai," in ji Hannibal Roskilly, wakilin mai ƙasar da bakin tekun Porthenna ke hannunsa. "Ni dai kada rana ta faɗi wannan abin yana numfashi."

Kare yake nufi, wani baƙi, jiƙe sharkaf, kwance a kan yashi tsakanin gangunan man zaitun da dilolin zane da ruwa ya watso. Da safiyar nan jirgin Pasco Treloar ya daki duwatsu ya dare biyu, mutanen ciki duk suka nutse. Doka kuwa kowa ya san ta a gaɓar: in jirgi ya fashe ba mai rai da ya fito, kaya na mai ƙasa ne. Amma in mutum ya tsira, ko kare, ko kyanwa, to kaya na nan na mai su.

Digory Penhale masunci ne, rufin ɗakinsa na yoyo, ragarsa ta tsufa. Ya dubi gangunan, ya dubi karen.

"Ranka ya daɗe, dabba ce fa. Ta sha wuya kafin ta iso."

"To aure ta mana! Ji min mutum. Kai da kake fasa kan kifi tun kana rarrafe, yau kare ne ya ba ka tausayi?"

Digory ya sake duban gangunan, ya yarda zai halaka karen. Suka tafa.

Karen bai yi gardama ba. Da kansa ya hau kwale-kwalen, kamar wanda ya saba, ya kwanta yana lasar hannun Digory. Da suka yi nisa Digory ya ɗauko dutsen da yake tsayar da kwale-kwale da shi, ya ɗaura masa a wuya. A Porthenna kowane gida da irin ƙullinsa, da shi ake raba ragar wane da ta wane in guguwa ta cakuɗa su. Hannun Digory bai nemi shawarar kansa ba, ya yi ƙullin gidan Penhale. Ya tura karen cikin ruwa. Ruwan wurin garau yake, ya ga karen yana tafiya ƙasa, ido buɗe, yana kallonsa har duhu ya shanye shi.

Da kuɗin gangar ya gyara rufi, ya sayi raga. Sai dai inda karen ya kwanta a kwale-kwalen bai ƙara bushewa ba, ko da an kife shi a rana.

"Wai me ka tako mana ne, maigida?" in ji matarsa Tamsin tana toshe hanci. "Ɗakin nan warin jiƙaƙƙen kare yake, mu da ko kaza ba mu da ita."

"Hancinki ne ya tsufa," ya ce, bai ɗaga kai ba.

Ana nan, bayan wasu watanni, sai ga Loveday Treloar, matar marigayi Pasco, ta kai ƙara gaban alƙalin harkokin teku. Ta ce mijinta ba ya tafiya sai da karensa Garrow, kuma wata tsohuwa mai tsintar ciyawar teku ta ji haushi a gaɓa ran da abin ya faru. Hannibal ya yi dariya ya ce tsohuwar kurma ce. Aka kira Digory, don shi ya fara isa wurin.

Ranar shari'a rana ta take, ɗakin ya cika da masunta. Digory ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki, ya rantse babu abin da ya fito da rai. Bai gama sauke hannun ba ya ji warin.

Mutane suka dare. Baƙin kare ya shigo a hankali, ruwa na ɗiga daga jikinsa, guntun igiya na ja a ƙasa. Bai kalli kowa ba, ya je ya ɗora haɓa a kan ƙafar Loveday.

"Garrow," ta ce.

Wani tsohon masunci ya sunkuya ya duba igiyar, ya miƙe. "Wannan ƙullin Penhale ne, ranka ya daɗe. Ko makaho ya shafa zai faɗa maka."

Alƙali ya ce igiya ta ruɓe kare ya kuɓuta, mai rai ya fito, kaya na matar ne. Digory ya ƙura wa karen ido. Shi ya san zurfin wurin, ya san watannin da suka wuce, ya kuma ga cewa karen nan haƙarƙarinsa ba ya motsi. Da aka tashi aka nemi dabbar aka rasa, sai ruwan gishiri a daɓe.

Loveday ta sami kayanta, ta yi wa mijinta kabari ba gawa a ciki. Mai ƙasa ya rasa abin da dama ba nasa ba ne. Hannibal ya rantse bai taɓa yin magana da Digory ba, ya ci gaba da wakilcinsa yana ƙiba. Digory aka yanke wa kunne a kasuwa saboda rantsuwar ƙarya, aka kwashe ragar. Bai sake shiga ruwa ba. Ya koma fasa dutse a kan tudu, nesa da gaɓa, amma Tamsin ta ce har ya mutu kowace safiya sai ta goge jiƙaƙƙen wuri a bakin ƙofarsu.