Fara Mai Ƙafa Biyar

A shagon Baba ba a zana kaza ramammiya. Wannan ce doka ta farko da Auta ta koya, tun tana 'yar mitsitsiya tana riƙe masa gwangwanin fenti. Sana'arsa zanen allunan shaguna. Mai kaji zai zo da kazar da iska za ta iya ɗauka, Baba ya fitar masa da ita a allo ƙirji a cike kamar za ta fashe. In wanzami ne, kan da zai zana masa babu tabo ko ɗaya. "Ido ba ya sayen aibi," in ji shi. Auta ta gaji hannunsa kaf, har ta so ta fi shi.

Saboda haka da aka shiga ajin ƙarshe, aka ce a bayoloji akwai zane, sai ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Aka ba su ɓawon albasa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu. Ta leƙa sau ɗaya, ta ga wasu 'yan ɗakuna a karkace, wani ya danne wani, ga kumfar iska a gefe. Ba su yi mata kyau ba. Ta jera su reras kamar ginin bulo, ta sa musu inuwa, ta miƙa takarda tana jiran yabo.

Malamin nasu, Malam Amiba suke ce masa a bayan idonsa, sunan ƙwayar halittar nan marar tsayayyiyar siffa, don ba a sanin ta ɓangaren da zai ɓullo. Ya daɗe yana kallon zanen.

"Wa ya ba ki wannan albasar?"

"Ita ce wadda ka raba mana, Malam."

"Tawa ba haka take ba. Wannan daga kanki kika ciro ta." Ya ja jan biro a kai. "Abin da kika gani nake so, ba abin da ya kamata ki gani ba."

Ta ji haushi ƙwarai, ta ce a ranta mutumin da da'ira ma ba ya iya rufewa a allo shi zai koya mata zane. A gwaji na gaba aka ba su ganye wanda tsutsa ta ci gefensa. Hannunta ya cike gurbin tun kafin ta ankara. Jan biro ya sake hawa.

A nan maganar ta daina zama wasa. Makarantar ba ta tura kowa babbar jarrabawar bayoloji sai wanda ya haye gwajin ɗakin bincike, kuma saura guda ɗaya tak. In ta faɗi, bayoloji ya fita daga hannunta, aikin ɗakin gwajin jini na asibiti da take buri tun tana aji ɗaya ya bi shi. Tsoro ya kama ta, ba kaɗan ba. Amma Auta irin mutanen nan ce da tsoro ke ƙara wa taurin kai.

Ta mai da lungun shagon Baba ɗakin bincikenta. Da an tashi daga makaranta sai ta share gefen tebur tsakanin buroshi da gwangwanaye, ta ajiye duk wata halitta da ta tsinta: mataccen kyankyaso, furen da aka taka, ƙashin kifi. Ta feƙe fensir ya yi tsini. Ta hana kanta inuwa. Ta kafa wa kanta doka, kallo uku kafin layi ɗaya. Abin da wuya, domin hannun da ya saba ƙawata abu ba ya jin magana. Sau da yawa sai ta gama ta ga ta miƙar da ƙafar da take a lanƙwashe, ta yage ta sake.

Wata rana Baba ya tsaya a kanta yana goge hannu da tsumma. Ganye ne a gabanta mai huji a tsakiya, ga hujin nan a takarda.

"Auta, ke da na koya wa aiki? Kawo in toshe miki wannan."

Ya miƙa hannu ga fensirin. Ta riƙe yatsunsa masu fenti.

"Bar shi, Baba. Da hujinsa na same shi."

"To wa zai so ganye mai huji?"

"In jinin mutum na duba na ga cuta, sai in toshe ta don ta yi muni?"

Baba ya janye hannunsa. Can ya ce shi dai a sana'arsa ba a haka, ya koma kan allon mai gyaran takalmi. Ta san ransa ya ɗan sosu, ita ma nata bai yi daɗi ba, amma ba ta toshe hujin ba.

Ranar gwajin, ɗakin na warin maganin da ake jiƙa halittu a ciki. Kowa da farantinsa da gilashin hannu mai ƙara girman abu. A nata farantin fara ce, ta bushe ta yi ƙayau. Auta ta duba, ta juya ta da tsinke, ta ƙirga ƙafafu. Biyar. Babbar ƙafar baya ta hagu babu ita, sai ɗan kututturen inda ta ɓalle.

Ko ɗan aji ɗaya ya san ƙwaro ƙafa shida gare shi. Tana jin hannunta na ƙaiƙayi, ya san tsawon ƙafar nan, ya san inda take lanƙwasa, da 'yan ƙayoyin jikinta. Layi biyu kawai, fara ta cika. In kuma Malam bai lura cewa farar gurguwa ce ba, zai ce ƙirga ma ba ta iya ba.

Ƙawarta da ake kira Aku saboda surutu ta leƙo daga gefe, ta yi raɗa: "Ke, kin manta ƙafa ɗaya."

"Ban manta ba."

Ta zana kututturen yadda yake, ta ja layi da rula zuwa gefe, ta rubuta cewa ƙafar baya ta hagu ta ɓalle. Ta ajiye fensir, ta zauna a kan hannunta don kada ya ci amanarta.

Malam Amiba ya ɓullo ta bayanta kamar yadda ya saba. Ya ɗauki takardar. Ya ɗauki farantin ya kai kusa da idonsa, leɓensa na motsi yana ƙirga. Ya mai da farantin, ya zaro jan biron nan da ta tsana, ya yi alamar daidai a gefen kututturen.

"Ki tanadi fensir biyu ranar babbar jarrabawa," ya ce, ya wuce.

Daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Da aka dawo musu da takardun, shago ta fara kaiwa. Baba ya riƙe zanen nesa da fuskarsa, ya karkata kai.

"Gurguwa ce fa."

"Ita ta ƙetarar da ni, Baba."

Ya nemo ƙusa ya kafa takardar a bango, tsakanin wata ƙatuwar kaza da kan da babu tabo. Washegari mai kaji ya zo karɓar allonsa, ya tsaya yana kallon farar, ya ce ai an manta ƙafa ɗaya, a ba shi fensir ya gyara.

Baba bai ko ɗago daga aikinsa ba.

"Kada ka taɓa. Haka 'yata ta gan ta."