Makullin Motar Ƙungiya

Da sandata na buga ƙofar Alhaji Abdulwahid, ba da hannu ba. Ƙofar ƙarfe ce koriya, irin wadda masu iƙama, takardar izinin zama, kan sa a unguwarmu Nuzla don kowa ya san takardunsu sun cika. Na yi ta bugawa har matan lungun suka fara leƙowa.

"Wa zai ɓalla mini ƙofa da hantsin nan?"

"Haladu ne. Makullin motar ƙungiya na zo karɓa."

Ya fito da asuwaki a baki, sanyin na'urar ɗakinsa na biye da shi. "Baba Haladu, ai sai ka yi sallama."

"Ba ni da lokacin sallama. Nomau ne. Tun asuba ƙafafunsa suka yi sanyi. Makka za mu kai shi."

Nomau maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba ɗakina da nasa. Mutumin wajen Ƙonni ne, tsire yake gasawa a bakin titi tun Nuzla tana rabin fili. Bai taɓa riƙe iƙama ba. Kuma duk wanda ya zauna Jidda a wancan zamani ya san yadda muke yi da irinsa: idan ajali ya matso, a ɗauke mutum da sauran numfashinsa a shiga da shi Makka, ya cika a can, a yi masa salla a Harami. Mara lafiya a bayan motar da aka saba gani, ba a cika tsananta masa a shingen hanya ba. Amma gawa ba ta wucewa sai da takarda. Nomau kuwa da ƙafa ya taso daga garinsu yana saurayi, ba don kome ba sai don a rufe shi a ƙasar nan mai tsarki. Ya faɗa mini wannan ya fi a ƙirga.

Alhaji Abdulwahid ya cire asuwakin ya duba bakinsa. "Allah ya ba shi lafiya. Amma Baba, kana wurin mitin ɗin nan. Nomau ya fita daga ƙungiya. Da bakinsa."

"To da bakinsa zai hau motar, ko da bayansa?"

"Ni ba ni kaɗai ba ne, akwai kwamiti. 'Yan Nijar ɗin nan sun zage mu a gaban jama'a, sun ce mu ne muka kashe musu 'ya'ya da yunwa. Ni na rufe iyaka? Ina nan Bab Sharif ina sayar da yadi. Shugabansu Maman Lawali ya zo da kansa ya ce suna roƙon mota, halas, in ba shi makulli."

Shekarar da Najeriya ta rufe iyakarta ta canza kuɗi ke nan, ga fari ya ci Nijar. Kafin nan ƙungiyarmu ɗaya ce a Nuzla: 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Cadi, da mu Hausawan Sudan. Tare muke ɗaurin aure, tare muke jana'iza, motar nan ma, wanet ce fara mai buɗaɗɗen baya, da guminmu gaba ɗaya aka saye ta. Sai labari ya fara zuwa ta bakin alhazai cewa hatsi ya daina tsallakawa daga Illela ta Najeriya zuwa Ƙonni ta Nijar. Rediyo kullum zancen ƙungiyar kasuwancin ƙasashen nan take, wadda 'yan Najeriya ke ce wa Ekowas, 'yan Nijar su ce Sedeyawo. 'Yan Nijar suka ce ina amfanin ƙungiyar da babba zai kulle ƙofa ƙarami ya mutu a waje, gara ƙasarsu ta fice. Ƙasarsu ba ta fice ba. Sai su suka fice daga tamu. A harabar masallacin lungu aka yi, aka kawo Alƙur'ani, suka rantse ba mai sake cin abincin ƙungiya ko hawa motarta. Wanda ya fara ɗora hannu shi ne Nomau, don a makon aka aiko masa cewa 'ya'yan ƙanensa biyu sun rasu.

Ni fa ba yaro ba ne da za a aika daga ƙofa zuwa ƙofa. Ni ne na tsallako Bahar Maliya daga Sawakin a jirgin katako, aka zubar da mu cikin ruwa tun ba a ga gaɓa ba, na fito da ƙafafuna da mutum guda a kafaɗa. Sau biyu jawazat, jami'an shige da fice, na kwashe ni suna mayarwa Sudan, sau biyu ina dawowa kafin su wanke motar da suka ɗauke ni. Ban taɓa zama gaban allo ba, amma ba lungun da ban sani ba daga Ruwais har Khumra. Duk da haka ranar nan na juya, na kama hanyar gahwa, wurin mai shayin da 'yan Nijar ke zama.

Na tarar da Maman Lawali a kan doguwar kujerar igiya, rediyo a cinya, mutane sun kewaye shi. Shi direban wani Balarabe ne, kafilinsa, wato maigidan da ya tsaya masa, ya yi masa takardu har da na iyalinsa. Waɗanda ke zaune a ƙasa kuwa 'yan dako ne na rumbunan Khumra, yawancinsu ko hoton fasfo ba su taɓa ɗauka ba.

Na faɗa masa abin da ke tafe da ni.

"Inna lillahi. Nomau namu ne, tsoho, ba mu yada shi. Amma in tahi in durƙusa ma Bakanon nan Abdulwahid? Non. Mun hita, mun hita. Se fini."

"To kawo taka motar."

"Ta maigida ce, yana Ɗa'if da ita."

"To ku nemo tasi."

Wani daga ƙasa ya ce, "Mun tambayi ukku, Baba. Da sun ji babu iƙama sai su ja mota."

Maman Lawali ya ɗaga yatsa. "Ka gani ko? Abin da nike faɗi ke nan kullum. Sai mun tsaya da ƙafarmu. Nan da baɗi in sha Allahu mu sayi tamu, wadda ta hi tasu."

"Nomau zai jira baɗi?"

"Akwai maƙabarta a Jidda, tsoho. Duk ƙasar Allah ce."

"Kai in ka mutu a ina za a rufe ka?"

Kowa a wurin ya san kafilinsa zai sa a kai shi Makka a motar asibiti mai jiniya. Na ce masa, "Kai ka fi kowa ɗaga murya ranar rantsuwa, kuma kai kaɗai ne ba ka taɓa bukatar motar nan ba." 'Yan dakon suka sunkuyar da kai. Shi kuma ya ƙara wa rediyo murya.

Na koma gida rana ta take. Ɗakin Nomau rufin kwano ne, fanka na juya iska mai zafi, ƙamshin yaji da ƙuli-ƙuli ya kama bango har ba ya fita. Tsinkayen tsirensa na nan a ɗaure a kusurwa. Matarsa Barakatu tana ɗiga masa zamzam a leɓe da cokali.

Ya buɗe ido. "Basudane. Ina motar?"

"Tana zuwa."

"Ƙarya kaka yi. Kunnenka na rawa."

"Kai da ke kwance har ka ga kunnena? Ni da na ɗauke ka a baya shekarar kwalara?"

"Ni na ɗauke ka." Ya yi tari mai tsawo. Da ya lafa sai ya ce, "Haladu, ko ta zo, na rantse. Hannuna bisa Littafi. In hau ta in gamu da Ubangiji da rantsuwa a wuya?"

Wannan kuma ban zo da shirinta ba. Na aika aka tambayo limamin lungu, ya ce a ciyar da miskinai goma, rantsuwa ta warware. Barakatu ta miƙe. Ta hura risho, ta juye duk shinkafar da ke gidan a tukunya, ta zuba ragowar naman da ba a gasa ba. Neman miskinai goma a Nuzla ba aiki ba ne. Na leƙa gahwa na yi kira, sai ga 'yan dakon nan da suka rantse tare da shi, suka zauna a ƙofar ɗakin suna cin kaffararsa, ba mai kallon wani.

Aka kira azahar, ba makulli. Na ce zan koma in ɓalla ƙofar nan koriya, kuma da na ɓalla ta, don na ɓalla wadda ta fi ta a Port Sudan. Barakatu ta yafa mayafi.

"Zauna da shi, Baba. Ni zan je."

Ban zauna ba, na bi ta. Ta tsaya a bakin ƙofar Alhaji Abdulwahid, ba ta buga da ƙarfi ba.

"Alhaji, ni 'yar Illela ce. Ka san gidanmu, ka san ubana. Ranar da kuka yi taronku ba wanda ya kira mata. Ban rantse ba, ban fita ba. Duk bikin da aka yi a ƙungiyar nan ni ke wanke tukwane. Yau ina da kaya zuwa Makka. Za a ba ni mota ko ba za a ba ni ba?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. "Wallahi Hajiya, ba don Maman Lawali ba..."

"Ban zo zancen Maman Lawali ba."

Ya shiga ciki ya fito, hannunsa wayam. Ashe tun da na bar ƙofarsa da safe ya aiki Rafi'u direba da motar tashar jiragen ruwa, ɗauko masa dilolin yadi. Motar da ya ce sai kwamiti ya zauna.

Ban san abin da na faɗa masa ba. An ce har matansa sun rufe taga.

Sai bayan la'asar wanet ta dawo, Alhaji ya turo mana ita lungu. 'Yan dakon nan, waɗanda suka rantse ba za su hau ta ba, su suka sauke dilolin a guje, suka shimfiɗa katifa, suka ɗauko Nomau kamar ƙwai. Ba wanda ya hau a cikinsu. Suka tsaya a lungu hannuwa a sama suna addu'a. Maman Lawali bai zo ba. Alhaji Abdulwahid ya aiko da bargo sabo a ledarsa.

"Yalla, Rafi'u," na ce. "Tsohuwar hanya. In ka tsaya ko don jar wutar titi, ni da kai ne."

Ni da Barakatu muna baya, kan Nomau a cinyata. Muka fita daga Jidda, gidaje suka ƙare, duwatsu baƙaƙe suka fara. Ina karanta masa abin da na haddace da ka, yana motsa leɓe. Muka wuce Bahra. Iska na kaɗa mayafin Barakatu, ta buɗe lema ta kare masa fuska daga rana.

Ya ce, "Haladu."

"Ina ji."

"Mun shiga?"

Na ɗaga kai. Na san hanyar nan kamar tafin hannuna. Shingen Shumaisi na gaba, alamun iyakar Harami na bayansa, ko hango su ba a yi ba tukuna.

"Saura kaɗan," na ce.

"To."

Ya yi shahada a hankali, Barakatu na tayawa. Ya ja numfashi ɗaya, na jira na biyu. Na sa tafin hannu a ƙirjinsa. Na shafe masa ido.

Na buga rufin motar, Rafi'u ya gangara gefen titi ya fito. Ya dubi Nomau, ya cire hula.

"Baba, in mun rufa masa bargo mu ce barci yake fa?"

"In suka ɗaga bargon?"

Shi ma ya sani. Su karɓe gawar su kulle a firjin asibiti, su kama matar, su kama motar, Nomau ya yi watanni ba a rufe shi ba ko a Jiddan. Ni da ban taɓa ja da baya a gaban ɗan sanda ba, na tsaya a bakin titin nan ina duban gabas, sandata a hannu, ba wanda zan buga.

Barakatu ce ta yi magana. "Mu koma, kafin magariba. A samu a yi masa wanka da rana."

Rafi'u ya jira hanya ta yi sauƙi, ya juya kan motar. Manyan motocin masu umara suna ta wuce mu zuwa Makka, mutane farare fat cikin harami, ana jin talbiyarsu ta tagogi. Yanzu rana ta dawo gabanmu. Barakatu ta gyara zama, ta karkato lemar ta ɗaya gefen, ta ci gaba da kare masa fuska.