Baba Sumana Ya Kama Hanyar Arewa

Safia na tsakiyar zuba wa mutane koko a bakin titin Asawase, sai maƙwabciyarsu Humu ta iso tana haki, ta ce mata ƙofar ɗakin Baba a buɗe take, kuma babu keken a tsakar gida.

Baba Sumana mahaifin Safia ne, shekarunsa sun haura saba'in da biyar. Yana saurayi ya baro ƙauyensu da ke kusa da Dogon Dutsi a Nijar, ya sauka Kumasi, ya yi shekara arba'in yana ɗaure atamfa a bayan baƙin kekensa yana zaga ƙauyukan Asante, rana da ruwa, hawa da gangara. Sau biyu kacal ya taɓa komawa gida. Tun bara mantuwa ta kama shi. Yakan manta ya ci abinci, yakan yi sallar la'asar sau uku, amma ƙafafunsa ba su manta feda ba. Likita ya ce babu maganin da zai dawo da abin da ya tafi, sai dai a sa masa ido.

To, wa zai sa idon? Matarsa ta rasu. Kamil, ƙanen Safia, tun asuba yake fita da pragya, keken nan mai ƙafa uku da ake haya da shi. Iyakar abin da Safia ta iya shi ne ta rubuta lambar wayarta da farin fenti a jikin keken.

Ta bar wa Humu tukunyar, ta kira Kamil. Suka duba masallacin unguwarsu ta Akwatialine, suka duba wurin tsofaffin abokansa, suka kutsa cunkoson Adum inda yake sarin atamfa a da. Kowa aka tambaya sai ya ce bai gan shi ba, Allah ya bayyana. Wajen sha ɗaya ruwa ya kece. Safia na zaune a bayan pragya, feshi na dukan fuskarta, duk mai keken da ta hango sai gabanta ya faɗi, in sun matso ta ga wani ne.

Bayan azahar wayarta ta yi ƙara. Wata mata ce ke magana da Twi, yaren Asante.

"Ke ce mai lambar da ke jikin keke? Ku zo Kodie, kan hanyar Offinso. Papa Kramo yana wurina." Haka Asante ke kiran dattijon Musulmi.

Kamil ya girgiza kai. "Kodie? Da waɗannan tuddai? Yaya Safia, ni kaina ba zan iya ba."

Suka same shi a rumfar wata mai gasa masara, a kan benci, rigarsa sharkaf, gwiwarsa ɗaya ta goge tana tsattsafo da jini. A bayan keken ya ɗaure dardumar salla da buta da turmin atamfa, wanda Safia ta gane daga akwatinta ya fito. Matar ta ja ta gefe ta ce ta hango shi yana tangaɗi tsakanin manyan motocin katako, ya tsaya ya roƙi ruwa, ya tambaye ta kwana nawa ne zuwa Bawku, can arewacin Ghana. Yana cikin sha ta zaga ta sace masa iskar tayar baya.

"Ki yafe mini," in ji ta. "Ban ga wata dabara ba."

Safia ta durƙusa a gabansa. Ya dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Baiwar Allah, ko kin san inda zan samu famfon keke a nan kusa?"

"Baba, ni ce. Safia."

"Madalla. Ni ma ina da 'ya mai sunanki, tana goye." Ya nuna keken. "Sauri nake. An aiko mini uwata ba ta da lafiya."

Kamil ya kama keken zai ɗora a pragya. Tsohon ya miƙe da wani ƙarfin da ba su san yana da shi ba, ya riƙe kan keken da hannu biyu.

"Samari, ka ji tsoron Allah. Wannan ne ƙafata."

"Baba, Kaka ta rasu tun kafin a haife ni," in ji Kamil. "Shekara talatin da wani abu ke nan. Wa za ka je ka gani?"

Baba Sumana ya saki keken. Ya koma kan bencin a hankali, ya yi salati, hawaye suka gangaro cikin gemunsa. Kuka yake irin na wanda yanzu aka kawo masa labari, yana cewa bai samu ganinta ba, bai samu ganinta ba. Safia ta riƙe hannunsa. Mai masara ta juya baya tana fifita garwashinta.

Ba a yi minti goma ba ya share fuska, ya dubi sama ya ga ruwa ya ɗauke, ya sake tambayar Safia ko ta san mai famfo, domin uwarsa na jiransa.

Kamil ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Baba, wannan direban arewa zai yi. Ya ce zai rage maka hanya, kai da kekenka."

Tsohon ya yi ta sa wa Kamil albarka. Aka ɗaure keken a baya, Safia ta zauna kusa da shi, suka juyo. Da farko yana ba ta labarin ƙauyensu, da rijiyar bakin gari, da yadda uwarsa ke dama fura. Da suka iso shataletalen Suame sai ya katse labarin, ya bi shagunan makanikai da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan ba hanyar arewa ba ce," ya ce a hankali.

Bai yi gardama ba, bai yi yunƙurin sauka ba. Ya dai zare hannunsa daga nata ya ɗora a cinyarsa, haka har suka iso gida.

Kafin magariba Kamil ya cire sarƙar keken ya ɓoye a ɗakinsa. Safia ta daina fita Asawase, ta dawo da teburinta ƙofar gida, inda masu saye ba su kai rabin na da ba. Kullum da hantsi Baba Sumana zai ɗaure dardumarsa da butarsa, ya turo keken har bakin ƙofa, ta tare shi ta ce ruwa ya cinye gada a gaba, motoci ma ba sa wucewa, ya bari sai gobe. Yawanci yakan ce to, Allah ya kai mu, ya juya ciki. Wasu ranakun kuwa yakan tsaya ya daɗe yana kallonta, har ta rasa inda za ta sa idonta, ta sunkuya tana goge teburin da ta riga ta goge.