Ɗakin Bakin Ruwa

Clifton ne ya ga taswirar kafin kowa, domin shi aka ɗora wa shirya tafiyar hutun dangi. Masu masaukin da za a sauka sun turo masa ita ta waya. Ya buga ta a takarda a wurin aiki, ya zauna cikin mota yana kallonta har shayinsa ya huce.

Kwazazzabon da masaukin yake tafiyar awa biyar ce daga garinsu Kununurra, a kan hanyar burji. A bakinsa akwai babban gida mai ɗaki biyar da kicin da baranda. Daga nan wata siririyar hanya ta gangara tsakanin duwatsu, ta ƙare a wani ɗan ɗaki shi kaɗai. Gado biyu. A gabansa an zana ruwa da shuɗi, an rubuta cewa akwai babban kifin da ake kira baramandi.

Su goma sha tara ne za su tafi. Goma sha ɗaya yara ne.

Shekara uku rabon Clifton da ya jefa fatsa ba tare da wani yaro ya taka masa zare ba. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ko matarsa Noelene bai nuna wa ba. Kwana biyu yana saƙa da warwara. A na uku dabara ta faɗo masa.

Ranar Lahadi da la'asar aka taru a gidan surukarsa, ƙarƙashin mangwaro. Kamar kullum, Wesley, ƙanin Noelene, ya ajiye tsohuwar Toyota a tsakiyar fili. Tsohuwa ta zauna a wancan gefen motar a kan kujerar roba, karenta Biskit kwance a ƙafarta. Clifton ya kife bokiti a wannan gefen ya zauna. Shekara goma sha huɗu da aurensa bai taɓa kallon fuskarta ba, bai taɓa yi mata magana ba. Ita ma haka. Dokar mutanensu ke nan tsakanin mutum da uwar matarsa. Noelene ta jingina da gaban motar, inda kowane ɓangare ke ganinta.

"To mijin yaya, buɗe mana takardar nan," in ji Wesley. "Tun Laraba kake yawo da ita a aljihu kamar wasiƙar budurwa."

Clifton ya shimfiɗa ta a kan kular ƙanƙara. Ya raba ɗakuna, ya raba motoci, ya faɗi wanda zai sayo gari da ganyen shayi da naman gwangwani. Ba wanda ya ce a'a. Sannan ya yi gyaran murya, ya ɓata fuska.

"Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa. Babban gidan nan rufinsa ɗaya, barandarsa ɗaya, ƙofar kicin ɗaya. Mutum ya fito da safe ya yi kiciɓis da wanda bai kamata ba. Ni dai ba zan iya ba. Ba haka aka raine ni ba."

"Iye!" in ji Wesley. "Yaushe ka zama dattijo? Ba kai ba ne ranar da Mama ta shiga kanti ka ɓuya bayan firji, ka fito bakinka duk askirim?"

"Ai ɓuyar na yi. Ka ga ke nan ina kiyayewa." Clifton ya ɗora yatsa a kan ɗan ɗakin. "Don haka ni da Noelene za mu haƙura mu sauka can ƙasa. Ba fanka, ga sauro, ga nisa. Amma doka ba ta san wahala ba."

Noelene ta leƙo, ta dubi takardar, ta dubi mijinta.

"Wannan shuɗin fa?" in ji Wesley.

"Kududdufi ne."

Daga bayan motar sai ƙarar cokali yana zaga kofi. Clifton ya sunkuyar da kai kamar mai juyayi, zuciyarsa kuwa tuni ta isa bakin ruwa.

Tsohuwa ta kurɓi shayi, sannan ta yi magana da karenta, yadda ta saba idan tana son mutumin da ke bayan mota ya ji.

"Biskit, ka ji abin da na ji? 'Yata ta yi dacen miji. A zamanin nan wa yake tuna doka haka?"

Clifton ya danne murmushi.

"Amma Biskit, ina amfanin a wahalar da mutumin kirki? Shi ya yi takarda, shi zai yi tuƙin awa biyar, kuma a kore shi cikin sauro? Ba da ni ba. Ni zan sauka can ƙasa. Noelene ta zo ta riƙa dafa mini shayi. Shi ya zauna a babban gida ya sha fanka. Yara ma sun fi jin maganarsa."

Wesley ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa don dariya.

Clifton ba shi da ikon amsa mata. Ya yafito matarsa da hannu, ya rage murya.

"Ce mata akwai kada a ruwan."

"Mama, wai akwai kada."

"Biskit, a bakin kogi aka haife ni. Kadojin ruwan daɗi ni za su gaisar."

"Ce mata gangaren zai ba gwiwarta wahala."

"Mama, wai gwiwarki."

"Sau ɗaya zan sauka, sau ɗaya zan hau. Tsakani kuwa ina baranda, Biskit, ba inda zan motsa. An ce daga barandar ana ganin kududdufin tun daga wannan bakin har wancan."

Sai a lokacin Clifton ya gane zurfin ramin da ya haƙa. Ya dubi Wesley.

"Haka ne, mijin yaya," in ji Wesley yana share hawayen dariya. "Inda idonta zai kai, ƙafarka ba za ta taka ba. Kai ka tuna mana dokar, mu da mun yi sake."

"Ko da asuba? Kafin ta tashi?"

"Mama? Ita take tada tsuntsaye."

Cokali ya sake zaga kofi.

"Saura abu ɗaya, Biskit. Na ji an ce akwai sandunan fatsa biyu sababbi fil a ƙarƙashin kujerar wata mota. Kar su yi zaman banza."

Clifton ya harari Wesley, domin shi kaɗai ya san da sandunan. Wesley ya ɗaga kai yana ƙirga mangwaro.

Ranar Litinin Clifton ya buga wa masu masaukin waya daga wurin aiki. Ya tambaya ko akwai wani ruwan ban da na ƙasa. Matar ta ce akwai, a bayan babban gida, iyakarsa gwiwa, yara suna son shi ƙwarai.

A can ya yi kwana ukun da suka yi a kwazazzabon, tsaye cikin ruwa yana raba faɗa a kan tayar ninkaya. Jajayen duwatsu sun tsaya masa dama da hagu. Duk ihun da yaro ɗaya ya yi sai sun maimaita masa shi sau biyu.

Da hantsin rana ta uku ya gangara siririyar hanyar har inda wani ƙaton dutse ya tare ganin ɗan ɗakin. Nan ne iyakarsa. Ya tsaya yana jin ƙamshin gasasshen kifi da dariyar mata biyu. Can sai ga Noelene ta ɓullo da faranti. Ta yi fes, kamar wadda ta yi wata guda tana hutu. A farantin akwai kan baramandi, girmansa ya kai tafin hannunsa biyu.

"Mama ta ce a kai wa mai kiyaye doka."

Clifton ya daɗe yana kallon kan kifin.

"Da sandata?"

"Da jar. Ta ce ta fi daɗin riƙo." Noelene ta miƙa masa farantin. "Amma zarenka bai da ƙwari, babban ya tsinka ya tafi. Ta ce ka nemo mai kauri kafin baɗi."

"Baɗi?"

"Ta riga ta gaya wa masu masaukin su ajiye mata ɗakin."