Sabo da Jan Rubutun Kwamfuta

Shekarar da aka rufe masaƙar da Sabo yake aiki a Kano, sai ya tattaro ya dawo ƙauyensu a bayan Tofa. Gonar gado kuwa tuni an yayyanka ta, rabonsa bai kai ya ci da gida ba. Sai Allah ya kawo wata ƙungiya mai koya wa tsofaffin ma'aikatan masana'anta rubuta manhajar kwamfuta. Suka ara masa kwamfuta, duk Asabar ya shiga gari darasi, sauran kwanakin ya yi aiki a gida. Sharaɗinsu ɗaya ne: wanda bai tura aikin ƙarshen wata ba, a karɓe kwamfutar a ba wani.

Damina ce. Kafin hantsi gari ya watse, kowa yana gona, Sabo kaɗai a zaure. Mutumin da ya tsufa cikin rugugin injina, inda abokai ke hira da hannu saboda ƙara, yanzu ba ya jin komai sai kukan kurciya. Masu wucewa da fartanya su leƙo su ce, "A gaida manyan 'yan kallon talabijin!" Ya yi yaƙe, su wuce.

To ga inda matsalar take. A masaƙa doka ce, in jar fitila ta kama, kashe inji, janye hannu, jira injiniya. A gaban idon Sabo abokinsa Sha'aban ya ƙi bi, yatsu uku suka tafi. Shi ya sa duk lokacin da ya gwada aikinsa, kwamfuta ta fito da jan rubutu, sai ya danne makunni har ta mutu. In ya kunna, rabin abin da ya rubuta ya tafi. Bai faɗa wa kowa ba, kada a ce ya lalata kayan mutane.

Ran Laraba matarsa Hure ta kawo masa fura, ta same shi ya zuba wa baƙin gilashi ido.

"Baban Ramlat, yau ma ta yi ja?"

"Ta yi."

"Gobe fa za a rufe karɓa. Ka kira malamar da ke koya muku mana."

"Yarinyar da na haifi kamarta?"

"Ilimi ba ruwansa da furfura. Tashi, matambayi ba ya ɓata."

Ya ɗauki waya ya bi ta cikin gero har gindin kukar da ake samun sabis. Malama Zakiyya ta ɗauka. Ya yi ta kwana-kwana kafin ya faɗa.

"Baba Sabo, kashewa kake yi?" in ji ta. "Ai jan nan magana take maka. Wurin kuskuren take nuna maka, har da lambar layi. Ba abin da zai ƙone, wallahi."

"Ko ta daɗe a ja?"

"Ko ta wuni. Karanta kawai, in Turancin ya sha maka kai ka turo min hoto."

Ya dawo zaure, ya yi bisimilla, ya gwada. Ja ya fito. Hannunsa ya nufi makunni da kansa, ya kamo shi ya danne ƙarƙashin cinya. Ya shiga karanta jan rubutun, yana haɗa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Ashe alamar baka ya buɗe a wani layi na rubutunsa, bai rufe ba. Ya rufe. Wani jan ya sake fitowa, ya sake danne hannun, ya karanta. Da aka kira la'asar ya bar ta a kunne, da janta, ya tafi masallaci.

Washegari da azahar ya gwada, aikin ya tashi ba ja ko ɗaya, ya je gindin kuka ya tura. Saƙo ya shigo: an karɓa, ya riƙe kwamfutarsa. Ya waiga neman wanda zai faɗa wa. Can nesa 'yan'uwansa sun sunkuya a gona suna noman maimai, ba wanda ya ɗago. Ya ce alhamdulillahi a hankali, ya kama hanyar gida.